Amsar da Ba a Nema Ba: Yadda Rada ke Raba Jirgi da Tarkace

Duk shekara idan hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe Kaduna har ana ɗage tashin jirage, za ka ji ana cewa ƙura ta makantar da na'urorin filin jirgi. Idon matuƙi dai ta makantar, don akwai nisan da ƙa'ida ta ce sai yana iya hangowa kafin ya sauka. Amma na'urar hangen jirage, wato rada, kusan ba ta san ana hazo ba. Ƙwayar ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara ta yi ƙanƙanta ƙwarai a kan igiyar da rada ke aikawa, wadda tsawonta ya kai santimita 10 a irin wadda ake kafawa a filayen jiragen sama. Ratsa ƙurar take yi ta wuce. Abin da ke wahalar da rada shi ne ganin da ya yi mata yawa.

Aikinta a taƙaice shi ne: eriya tana juyawa, tana harba gajeren bugu na igiyar rediyo, sai ta yi shiru tana saurare. Igiyar na tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a sakan guda. Duk abin da ta ci karo da shi zai maido da wani ɗan kaso nata, kuma daga jinkirin dawowar amsar ake lissafa nisa. Kowane kashi ɗaya cikin miliyan na sakan daidai yake da nisan mita 150, tunda zuwa da dawowa igiyar ke yi. To, igiya ba ta san jirgi ba. Dutse na amsawa, bishiya na amsawa, haka rufin kwano, haka ɗigon ruwan sama, haka garken tsuntsaye. Wannan tarin amsoshin da ba a nema ba shi ne tarkacen da injiniyoyi suka shafe shekara tamanin suna fama da shi.

Sai an yi ɗan lissafi ake gane girman abin. Igiyar ba a tsuke take tafiya ba, buɗewa take yi. A radar filin jirgi faɗinta kusan digiri 1.4 ne, wanda a nisan kilomita 50 ya zama fili mai faɗin kilomita 1.2. Idan aka haɗa da zurfin mita 150 na bugu ɗaya, an sami gurbi mai girman hekta 18. Duk abin da ke cikin wannan gurbi dunƙulewa yake yi ya dawo a matsayin amsa guda. Idan ƙaramin jirgi na wucewa ta saman wurin, amsarsa na cakuɗe da ta gonaki da gidaje da duwatsun hekta 18, kuma ta ƙasan kan fi tasa ƙarfi sau dubbai.

Ƙasar Kaduna kuwa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce a idon rada. Ga duwatsun da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili irin na Kajuru da Kufena, ga tsaunukan Kagoro a kudu. A cikin gari ga tankunan matatar mai, ga manyan zaurukan masaƙun Kakuri, ga turakun layin wutar da ke shigowa Mando daga Shiroro, ga tekun rufin kwano daga Rigasa zuwa Tudun Wada. Ƙarfe ya fi komai maido da igiya, musamman inda bango ya haɗu da ƙasa ya yi kusurwa, don kusurwa irin wannan tana mayar da igiya daidai inda ta fito.

Matakan farko ba su da wuyar fahimta. Ana zaɓen wurin kafa eriya da kyau, a ɗan ɗaga bakinta sama don ƙasan igiyar ya rage shafar doron ƙasa. Sannan ana rage kaifin jin na'urar a daidai lokacin da bugu ya fita, a riƙa ƙara shi a hankali yayin da ake jiran amsoshin nesa. Dalili shi ne amsar jirgi na raguwa da sauri ƙwarai: in nisa ya ninka biyu, sai ta koma kashi ɗaya cikin 16. Ba don wannan ragin ba, da shirwa ɗaya a kusa za ta fi jirgin fasinja na nesa haske a allo. Tun daga nan ciniki ya fara, domin ƙaramin abin da ke kusa, ko da shi ake nema, ya dusashe tare da shirwar.

Babbar dabarar ita ce ta motsi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da layin dogo a Rigasa ya san ƙahon jirgin ƙasa kan yi tsini idan yana tahowa, ya yi kauri da zarar ya wuce. Masanin Ostiriya Kiristiyan Dofla ne ya bayyana dalilin a 1842, kuma abin da ke faruwa da sauti yana faruwa da igiyar rediyo. Igiya tana da tudu da kwari. Dutsen Kufena ba ya gusawa, saboda haka amsar bugun farko da ta na biyu za su dawo tudu a kan tudu, kwari a kan kwari. Jirgi kuwa ya ɗan matsa tsakanin bugu biyun, don haka tudun amsarsa ya goce. Sai a ɗebe amsar farko daga ta biyu. Na dutse ya share kansa, na jirgi ya saura.

Yaƙi ne ya tilasta a yi wannan da gaggawa. A watan Yulin 1943 jiragen Birtaniya suka watsa tarin siraran takardun alminiyom a sararin Hambag, allunan radar Jamus suka cika da amsoshin ƙarya, masu harbo jirage suka rasa abin da za su saita. Martanin injiniyoyin Jamus shi ne su raba takardun da iska ke kaɗawa a hankali da jiragen da ke gudu, ta hanyar lissafin Dofla. Wahalar zamanin ita ce ina za a ajiye amsar farko har ta biyu ta iso, alhali babu kwamfuta. Maganin da aka samo yana burge ni har yau: a mayar da amsar sauti, a tura ta cikin bututu cike da zaiba, inda sauti ke tafiyar kusan mita 1,450 a sakan. Bututu mai tsawon mita ɗaya da rabi zai riƙe amsar na kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ta fito daidai lokacin da 'yar'uwarta ke isowa. Irin wannan bututun ne daga baya ya zama ma'ajiyar bayanai ta kwamfutocin farko, ciki har da EDSAC ta Jami'ar Kambirij a 1949.

Dabarar tana da ramuka biyu, kuma duk wanda zai dogara da rada ya kamata ya san su.

Na farko: a ce rada na harba bugu 1,000 a sakan, tsawon igiyarta santimita 10. Jirgin da ke tunkaro ta da gudun mita 50 a sakan, wato kilomita 180 a awa, yana matsawa santimita 5 tsakanin bugu da bugu. Zuwa da dawowa, hanyar igiyar ta ragu da santimita 10, tsawon igiya ɗaya cif. Tudu ya sake faɗawa kan tudu. A wajen na'urar wannan jirgi dutse ne, sai ta share shi. Haka a kilomita 360 a awa, haka a 540. Kilomita 180 a awa kuwa gudu ne na yau da kullum ga ƙaramin jirgin koyon tuƙi, irin waɗanda sararin Kaduna da Zariya ya saba da su. Mutum zai ce a ƙara yawan bugun mana, makahon gudun, wato gudun da na'urar ba ta gani, ya haura sama. To, in an ƙara, lokacin saurare ya gajarta. A bugu 1,000 a sakan, amsar da ta fito daga bayan kilomita 150 ba ta isowa sai bugu na gaba ya riga ya fita, na'ura ta ɗauka daga kusa take. In an ninka bugun, iyakar ta dawo kilomita 75. Gaba kura, baya sayaki. Hanyar da aka bi ita ce a riƙa sassauya tazarar da ke tsakanin bugu, ta yadda gudun da ya ɓace a wannan tazara zai bayyana a waccan.

Rami na biyu ya fi sauƙin bayani. Lissafin Dofla kusantowa da nisanta kawai yake aunawa. Jirgin da ke gilmawa, yana kewaya eriya ba ya matsowa ba ya ja da baya, komai gudunsa, a wannan ɗan lokacin tamkar a tsaye yake. An daɗe ana ganin jirage na ɓacewa daga allo a daidai irin wannan kwana, su sake ɓullowa can gaba.

A shekarun 1970 ɗakin binciken Linkon na jami'ar MIT a Amurka ya fito da tsarin da radojin filayen jirgi na zamani suka gada. Maimakon a ce mai motsi ya wuce, marar motsi a share, sai a rarraba amsoshin kowane gurbi zuwa rukunoni da dama bisa gudunsu. Rukunin marasa motsi ma ba a zubar da shi. Ana gwada shi da wata taswira da na'urar ke ginawa da kanta, wadda ta haddace ƙarfin amsar da kowane gurbi ya saba bayarwa. Idan gurbin da ya saba bayar da kaza yau ya bayar da fiye da haka, akwai baƙo a cikinsa, ko da gilmawa yake yi. A nan nake ganin batun ya zama namu. Wannan taswira ba a sayo ta daga ƙasar waje. A wurin da eriya take tsaye ake gina ta, kuma tana canzawa da wurin. Dajin da ya yi duhu a Agusta ba shi ne wanda aka ƙone a Janairu ba. Bishiya mai ganye idan iska na kaɗa ta motsi take yi, amsarta na zamewa daga rukunin marasa motsi ta shiga maƙwabtansa. Unguwar da babu ita shekara goma da suka wuce yau ta zama dubban rufin kwano.

Duk wannan a kan tarkacen da ke zaune wuri ɗaya ne. Mai tafiya ya fi wuya.

Ruwan sama ne babba. Ƙarfin amsar ɗigo na hauhawa da girmansa fiye da yadda hankali zai zata: ɗigon da ya ninka wani biyu a kauri ya fi shi amsawa sau 64. Wannan ne ya sa ƙurar hunturu ba komai ba ce, hadarin damina kuwa bango ne. Hadarinmu daga gabas yake tasowa a jere, da iska a gabansa, yana tafiyar da kan kai kilomita 50 a awa ko fiye. Tunda yana motsi, matacin motsi ba ya share shi. Akwai wata dabara ta daban. Ana iya harba igiyar tana murɗawa, a ce ta hannun dama. Abu mai siffar ƙwallo yana maido da ita tana murɗawa ta ɗaya hannun, eriya kuma ta ƙi karɓarta. Jirgi, da yake duk kusurwoyi ne da fukafukai, yana maido da gauraye, wani kaso ya shiga. Amma kason da aka ƙi ya tafi, jirgin ma ya rage haske. Sannan manyan ɗigogin hadari ba ƙwallo ba ne sosai, iska na ɗan baje su yayin faɗowa, don haka a ruwa mai ƙarfi, lokacin da aka fi bukatar dabarar, a nan take raguwa. Kada kuma a manta abin da mai kula da jirage ke son sharewa shi ne ainihin abin da ma'aikacin NiMet, hukumar hasashen yanayi, ke nema. A radar hasashen yanayi jirgi ne tarkace. Shi kansa mai kula da jiragen ba ya son hadarin ya ɓace masa ɗungurungum, yana bukatar sanin inda yake don ya kautar da matuƙi, shi ya sa radojin zamani ke ware wa yanayi tasa hanyar.

Sai masu rai. A lokacin yaƙin duniya na biyu masu aikin rada a Ingila sun riƙa ganin wasu ɗigogi na yawo ba jirgi a wurin, har masanin tsuntsaye Debid Lak da abokin aikinsa suka wallafa a 1945 cewa tsuntsaye ne. Jikin tsuntsu yawancinsa ruwa ne, ruwa kuwa na amsa igiya. Mu nan muna da shamuwa da ke isowa gab da damina, da belbela, da garken jan-baki, da jemagun da ke fita da magariba dubbai a lokaci guda, da tsuntsayen Turai da ke ƙetaro Sahara bayan damina. Fara ma idan ta yi gayya rada na ganinta. Motocin hanyar Kaduna zuwa Zariya na gudun da ya fi na tsuntsu. Injinan samar da lantarki daga iska, irin na Lambar Rimi a Katsina, sun haɗa matsala biyu: turken a tsaye yake, fiffiken na juyawa, kuma a manyan injina bakin fiffiken kan wuce kilomita 200 a awa. Irin waɗannan ba a raba su da jirgi a bugu ɗaya. Kwamfuta ce ke bin kowane ɗigo zagaye bayan zagaye, ta ga wanda ya tsaya kan layin titi, da wanda gudunsa bai kai na jirgi ba, ta jefar.

Hunturu ma yana da tasa illar, sai dai ba ta ƙura ba. A daren da sama ta bushe, ƙasa kan huce da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta. Irin wannan jeri na lanƙwasa igiya ta yo ƙasa. Igiyar da ta saba wucewa ta saman tudu mai nisa sai ta dira a kansa, allo ya wayi gari da tarkace a inda jiya babu komai, rana na ɗagawa ya watse. Taswirar da na'ura ta haddace ba ta san da shi ba. In kuma daga bayan kilomita 150 ya fito, ya shigo a makare ya zauna a gurbin da ba nasa ba. Abin takaicin, sassauya tazarar bugu da aka yi don maganin makahon gudu na hana wannan baƙon tarkace share kansa, domin a kowane bugu wani gurbin yake faɗawa. Dole aka koma harba bugu rukuni-rukuni, tazara ɗaya a cikin rukuni, a sauya ta a rukuni na gaba. Magani ɗaya ya buɗe ciwo, an nemo na biyu.

Bayan duk tacewar nan akwai hukunci na ƙarshe: wane ƙarfi amsa za ta kai kafin a nuna ta a allo? Radar da ke gani zuwa kilomita 110 tana da gurabe kusan 190,000 a kowane zagaye, zagayen kuma sakan huɗu zuwa biyar ne. In tana kuskure sau ɗaya cikin dubu, ɗigon ƙarya 190 ke nan a kowane juyi, ba mahalukin da zai iya aiki da wannan allo. Saboda haka ake saita ta a kan kuskure kamar ɗaya cikin miliyan, kuma shingen da amsa za ta tsallake ba a kafe yake ba. Na'ura na duba gurabe maƙwabta, in sun yi hayaniya ta ɗaga shingen, in sun lafa ta sauke shi. Wannan shi ne wurin da ya fi damuna a duk tsarin. A tsakiyar hadari shingen na tashi, ƙaramin jirgi ya kasa tsallakewa, allo kuma ya fito fes, ba wata alama da ke cewa an rasa wani abu. Mai kallo na iya ɗaukar tsabtar allo a matsayin sarari babu kowa. Injiniyan da aka matsa wa lamba ya kawar da ɗigogin da ke damun ma'aikata zai iya yi cikin minti kaɗan, amma garin neman gira ana rasa ido.

Akwai hanyar kauce wa yawancin wannan, kuma ita jiragen fasinja suka dogara da ita. Wata irin rada ce daban, da ake kira rada ta biyu, wadda ba ta jiran amsa-kuwwa. Tambaya take aikawa a kan megahaz 1030, wata na'ura a cikin jirgin ta ba da amsa a kan 1090, da lambarsa da tsayin da yake. Dutse da hadari ba su da wannan na'ura, don haka ba sa cikin zancen. Tana da nata ƙananan tarkacen, kamar amsar da jirgi ya bai wa wata tashar ta faɗo wa wannan, ko amsoshin jirage biyu su hau juna, ko bangon gini ya maido da amsa jirgi ɗaya ya fito biyu, amma ba su kama ƙafar na farko ba. A shirin TRACON na wadata sararin Najeriya da rada, da hukumar kula da sararin samaniya NAMA ta yi da kamfanin Thales, wanda aka ƙaddamar a 2010, an kafa tashoshi tara. Legas da Abuja da Kano da Fatakwal sun sami iri biyun, Maiduguri da Talatar Mafara da Numan da Ilori da Obubura suka sami ta biyun kaɗai. Kaduna ba ta cikin taran, tana tsakanin Abuja da Kano. Duniya kuwa a lanƙwashe take: daga eriyar da ke nisan kilomita 180, abin da bai kai tsayin kusan mita 1,900 ba ya faɗa bayan doron ƙasa, kowace irin rada ce. Wanda ya tuna makonni shidan 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja aka karkato da jiragensa nan ya san sararin Kaduna ba na wasa ba ne.

Rada ta biyu tana ganin wanda ya yarda a gan shi ne kawai. Jirgin da na'urarsa ta lalace, ko wanda ya kashe ta da gangan, sai ta farko. A jihar da ta sha fama da matsalar tsaro, mai sansanin sojan sama da makarantar horar da hafsoshi da matatar mai, wannan ba ƙaramin batu ba ne. Ƙananan jirage marasa matuƙa sun ƙara tsananta shi. Ƙanana ne, a hankali suke tafiya, ƙasa-ƙasa suke bi. Waɗannan siffofi uku su ne daidai waɗanda aka shekara tamanin ana koya wa rada ta jefar da mai su, don siffofin tsuntsu ne. In an sassauta matacin don a kama su, shamuwa da jemagu sun cika allo.

Inda bincike ya karkata yanzu shi ne ƙananan motsin da ke jikin abin da kansa. Farfelar jirgi marar matuƙi na juyawa sau dubbai a minti, fiffiken tsuntsu na kaɗawa sau kaɗan a sakan, kowanne na barin tasa shaida a cikin amsar. Ana horar da kwamfuta ta bambance su, amma da misalan da aka ba ta take koyo. Wadda aka horar da tsuntsayen bakin tekun Turai ba ta taɓa ganin ungulu na shawagi a iskar zafin rana ba tare da kaɗa fiffike ba, ba ta san fitar jemagu da magariba ba. Waɗannan bayanai a nan za a tattara su, damina da rani, kuma jihar na da masu iya yi. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da injiniyoyin na'urorinsu. Ga cibiyar fasaha ta sojan sama a Kaduna, ga sashen injiniyan lantarki na Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da zan so in gani a duk kwangilar rada da za a sa wa hannu nan gaba shi ne sharaɗin cewa injiniyoyinmu za su iya kaiwa ga ɗanyen amsoshin kafin a tace su, su san kowane shinge da aka saita da dalilinsa, kuma a riƙa tayar da ƙaramin jirgin gwaji ya bi ta saman wuraren da tarkace ya fi yawa, sau ɗaya a tsakiyar damina sau ɗaya a hunturu, a rubuta inda ya ɓace daga allo a miƙa wa masu zama a gabansa.